Sunan da Na Laƙa wa Malam Isiyaku

Ranar Talata da hantsi labarin ya same ni. Ina tsaye a bakin rumfar mahauta ta kasuwar Kawo a nan Kaduna, da takarda a hannuna, bakina har kunne. Takardar daga Jos ta zo. Surukina ne ya rubuto cewa 'yata Hajara ta sauka lafiya, an sami namiji, bayan shekara tara da aure ba ko ɓatan wata. Kwana biyu ke nan ina yawo da ita a aljihu. Duk wanda ya gaishe ni sai na zaro ta na karanta masa, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Ina cikin karanta wa mahauta sai Tanko mai gyaran keke ya zo ya tsaya a gefena, ya jira na kai aya, sa'an nan ya ce, "Baba Audu, naɗe takardar nan. Malam Isiyaku ya cika. Yanzu ake masa wanka."

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Na faɗi haka da bakina, wani mahauci ya turo mini benci na zauna. Tanko ya ce zazzaɓi ne na kwana huɗu. Ban ma san yana kwance ba, alhali tsakanin rumfata da gidansa ba ta kai tafiyar cin goro guda ba.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Isiyaku ma'aikacin gidan ɗab'i ne, kuma shi ne malamin ajinmu na manya a Kawo. Ni Audu, baduku ne, na girme shi da fiye da shekara goma sha biyar. Na shiga ajinsa da furfura a gemuna, ban san ko baƙi ɗaya na boko ba. Wannan rubutu da kuke karantawa, hannunsa ne ya fara riƙe nawa har na iya yin sa. Saboda haka ya kamata a ce yabo kaɗai zan rubuta. Amma akwai abin da na yi masa wanda idan na ɓoye, yabon nawa ma ya zama ƙarya.

Ajin a zauren gidansa ake yi, daga la'asar zuwa kiran magariba. Yakan taso daga aiki a kan kekensa, yatsunsa baƙi ƙirin da tawada, ko abinci bai ci ba zai jingina allo a bango. Mu wajen ashirin ne: masu awo, direbobi biyu, wani mai wankin hula, Tanko, da ni. Bai taɓa kiran ɗayanmu da suna gatsau ba. Ni Baba Audu yake ce mini, in yana son tsokana ya ce Sarkin Dukawa. Ranar farko na danna fensir har takarda ta huje. Ya zo ya durƙusa kusa da ni, ya ce a hankali yadda ba wanda zai ji, "Baba Audu, fensir ba basilla ba ne. Sassauta hannu, takarda ba ta da taurin kai." Idan mutum ya yi kuskure a allo aka yi masa dariya, sai ya ce, "Ku gode masa. Kuskuren da ke cikinku duka ne ya fito da shi fili." Maganar da ya fi yawan maimaitawa kuwa ita ce, "Ku karanta da idonku. Ba na son in ji an ce wai Malam ya ce."

Bayan yaƙin duniya na biyu an tura shi Ingila ya koyo aikin sabon injin buga takardu, ya yi kusan shekara biyu a can. Bai dawo da kwat ko sandar taƙama ba. Abin da ya dawo da shi son ƙwallon ƙafa ne. Shi ya tara samarin unguwa ya share musu fili a bayan tasha, ni kuma nake ɗinke musu ƙwallayen idan ɗinki ya ɓalle ko robar ciki ta leƙo. Ta nan muka saba tun kafin in shiga ajinsa.

In muka gaji da harhaɗa baƙaƙe, ranar Alhamis yakan ba mu labarin filayen wasan Ingila, ya rubuta sunayensu a allo mu karanta. Ya ce kowane gari da filinsa, wasu a tsakiyar gidajen leburori, har mutum ya fito daga ƙofarsa ya faɗa cikin layin shiga. Ya ce ya ga wani a Mancesta da bom ya rushe masa gefe guda lokacin yaƙi, masu shi suna aron filin maƙwabtansu. Ya ce ya ga 'yan ƙasarmu da suka je wasa can, sun shiga wani ƙaramin fili a gefen Landan ba takalmi, sai tsumma da suka naɗe ƙafa da shi, Turawa suna ta leƙen ƙafafunsu. Amma wanda ya fi ba shi mamaki shi ne babban filin Landan mai hasumiya biyu a ƙofa, wanda muke kira Wambale. Ya rubuta sunan da manyan baƙaƙe yadda Turawa ke rubuta shi, ya sa muka kwafa. Ya ce yana cin mutum kusan dubu ɗari. A nan ake wasan ƙarshe na kofi, Sarkin Ingila da kansa yakan zo ya miƙa kofin. A nan aka yi taron wasannin ƙasashen duniya yana can, ya ga masu gudu da masu tsalle daga ƙasashen da bai taɓa jin sunansu ba. Ya ce ana tseren babura ma a ciki. Duk wannan mun saurara, mun jinjina kai.

Sai wata Alhamis ya ce, "A filin nan kuma ana tseren karnuka."

Mai wankin hula ya ce, "Allah gafarta Malam, karnuka dai da muka sani?"

Ya ce, "Su. Sirara masu dogayen ƙafafu. Kowanne an sa masa 'yar riga mai lamba. Manyan mutane su cika benci suna ihu."

Wani direba ya ce, "To me suke bi?"

Ya ce, "Zomo. Amma ba na gaske ba. Na ƙarfe ne an lulluɓe shi da gashi, lantarki ke jan sa a kan wani siririn dogo da ya kewaye filin. Ba su taɓa kama shi."

A nan ne Shaiɗan ya hau kaina. Dole in faɗa muku cewa kafin in zama baduku ni ɗan mafarauta ne. A wani ƙauye na ƙasar Zazzau na tashi, ubana yana da karnuka bakwai, da su na yi ƙuruciyata a daji. In akwai abu ɗaya da na tabbata na fi Malam sani a duniya, kare ne. Wata shida ina zaune a gabansa kamar yaro, yana gyara mini baƙi, ranar nan na ga ƙofar da zan nuna ni ma na san wani abu. Na gyara zama na ce, "Malam, na yarda da mutum dubu ɗari, don ban ƙirga ba. Na yarda da Sarki. Amma kare da hanci yake farauta. Karen da zai bi ƙarfe ba a haife shi ba. In ka ruɗe shi yau, gobe ko ka doke shi ba zai tashi ba. Wannan kam an ƙara gishiri."

Ya yi murmushi ya ce, "Baba Audu, su waɗannan da ido suke bi."

Na ce, "To ko karnukan Ingila mura ce ta toshe musu hanci, ko kuwa Malam ne ya ga mun zama ƙauyawa." Aji ya fashe da dariya. Dariyar ta yi mini daɗi, wallahi ta yi mini daɗi. Da muka fito salla na ce wa Tanko yadda kowa zai ji, "Mu je, kada Malam Zomon Ƙarfe ya riga mu sahu."

Kafin sati ya zagayo sunan ya cika kasuwa. Kafin wata ya kai Unguwar Shanu da Hayin Banki. Duk wanda ya yi zuƙi ta malle a majalisa sai a ce ya saki zomon ƙarfe. Ni kuwa aka riƙa kirana ina maimaita yadda aka yi, kullum ina ƙara wani abu. Mutum uku suka daina zuwa aji, ɗaya ya ce wanda zai yi ƙarya a kan kare zai yi a kan takarda. 'Ya'yan Malam biyu maza suka dawo gida da riguna a yage saboda faɗa da masu kiransu 'ya'yan zomo.

Malam ya san ni ne na laƙa masa sunan. Wata rana ya kawo ƙwallaye biyu rumfata, ya ajiye, ya ce, "Sarkin Dukawa, sunan nan da ka raɗa mini ya fi wanda ubana ya raɗa tafiya. Ga shi ko rago ba ka yanka ba." Na yi yaƙe na ce wasa ne. Ya ce, "Na sani. Abin da na gani dai na gani, ba sai an yarda ba. Gobe kada ka makara, za mu shiga rubuta wasiƙa." Bai sake ta da maganar ba, bai kuma sake ba mu labarin wani fili ba. Alhamis ta koma kamar sauran ranaku. Ya ci gaba da duba littafina da haƙurin da ya saba, har ranar da na ci jarrabawa aka ba ni takardar shaida. Shi ya fara tashi ya ba ni hannu.

Shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna, wata makaranta ta aiko mini da ƙwallaye shida in gyara, an naɗo su cikin tsofaffin jaridun Ingila. Ina warware ɗaya sai na ga hoto. Karnuka ne sirara, sun miƙe a guje kamar ba su taɓa ƙasa, kowanne da riga mai lamba. A gabansu ga wani abu kamar zomo a maƙale da sandar ƙarfe. A bayansu mutane ne reras har saman hoton. Ba na jin Turanci, amma a ƙarƙashin hoton na ga baƙaƙen nan da na taɓa kwafa daga allo. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, yadda ya koya mini. Sunan filin ne. Da ban iya karatu ba da sai in ce wani wuri ne dabam, in sami mafaka. Na karanta da idona.

Abin da ya kamata in yi a fili yake. Gidansa yana kusa, kasuwa tana ci. Amma na tuna da majalisun da na zauna ina ba da labari, na tuna yadda ake cewa in dai kare ne a tambayi Baba Audu. Na ga dariyar nan za ta juyo kaina, ni da gemuna. Sai na yanke hoton da wuƙar aiki, na ninke shi, na cusa ƙarƙashin tarin fatun da ke kusurwar rumfa. Na ce sai na sami lokacin da ya dace.

Bayan wata kaɗan aka yi shari'ar iyaka a gaban Mai Unguwa. Wata tsohuwa ce mijinta ya rasu, maƙwabcinta ya ce rijiyar da ke tsakaninsu a cikin filinsa take. Ba takarda. Mutum ɗaya ne ya rage cikin waɗanda suka halarci ranar da aka kafa turakun iyakar, shi ne Malam Isiyaku. Ya zo ya zauna, ya faɗi inda turke yake, ya ce rijiya ta tsohuwa ce. Sai maƙwabcin ya ce, "Ranka ya daɗe, yanzu shaidar Zomon Ƙarfe za a ɗauka a raba ni da filina?" Mutane suka yi dariya. Mai Unguwa bai yi ba, amma ya dubi dattawa, ya ce ko akwai wani shaidan. Babu. Ya ce to shaida ɗaya, kuma ana tababa a kanta, sai dai a raba. Aka ja sabuwar iyaka, rijiya ta faɗa wajen maƙwabci.

Ina wurin. Ina zaune a layi na biyu. Da na ce, "Ranka ya daɗe, a dakata mini in je rumfa in dawo," da an dakata. Malam bai dube ni ba ko sau ɗaya, don bai san ina da abin faɗa ba. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya je wajen tsohuwar ya durƙusa ya ce, "Iya, ki yi haƙuri, bakina ne bai yi miki amfani ba." Daga ranar nan 'ya'yansa ke ɗebo mata ruwa daga rijiyar gidansu, safe da yamma.

Washegari ya biyo ta rumfata da ƙwallo ɗaya. Benci na hannun wani, sai ya zauna a kan tarin fatun nan. Muka yi hirar damina da tsadar kiraga. Na ɗinke ƙwallon, garin sauri har na soki yatsa. Ya ce, "Yau kuma basillar ce ta zama fensir?" Ya yi dariya, ya karɓa, ya tafi. Tun daga ranar na fara kauce masa. In na hango kekensa sai in shige bayan rumfa. A masallaci in ya tsaya dama ni in tsaya hagu. Ya aiko Tanko sau biyu ya tambaya ko lafiya, na ce aiki ne ya yi yawa. Shekara biyu muna haka.

Da takardar Jos ta zo, na karanta ta ni kaɗai, ba wanda ya taya ni. Murnar da na yi ban taɓa yin irinta ba, har yanzu da nake rubutun nan in na tuna akwai wani ɗan mutum a Jos mai jinina sai in ji ƙirjina ya buɗe. Nan take na ce ga dalilin zuwa wajen Malam ya samu. Zan kai masa takardar in karanta a gabansa, in ya yi murna sai in zaro hoton in roƙe shi gafara. Har na ciro hoton na sa a aljihu tare da takardar. Amma na ce bari in fara da maƙwabta. Daga maƙwabta na wuce masallaci, daga masallaci na wuce tasha. Na kewaye Kawo kaf, sau biyu ina wuce bakin lungunsa, ina cewa gidansa ne na ƙarshe don hirar za ta yi tsawo. A kwana biyun nan yana kwance, yana da sauran numfashi da hankalinsa. Ƙaninsa Malam Garba ya gaya mini har daren Litinin yana magana.

Na bi gawarsa zuwa maƙabarta da takardu biyun a aljihuna. Da liman ya ce duk wanda marigayi ya yi wa laifi ya yafe masa, mutane suka amsa sun yafe. Amma ba a tambayi irina da suka yi masa laifi ba.

Ranar sadakar uku zauren ya cika har waje. Allon ajinmu yana jingine a inda ya bar shi. Bayan an shafa fatiha na miƙe. Na ce ina da magana, a yi mini haƙuri. Na zaro hoton na miƙa wa Mai Unguwa, na ce a zagaya da shi kowa ya gani. Na faɗi yadda na same shi, da shekarar, da inda na ɓoye shi, da cewa yana rumfata ranar shari'ar rijiya. Ba wanda ya yi dariyar da na ji tsoro shekara biyu. Da an yi ma da ya fi mini sauƙi. Hoton ya bi hannu hannu har ya iso ga babban ɗan Malam, ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya sa a aljihunsa. Tanko ya ce a hankali, "Kai, Baba Audu." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Na ce wa Mai Unguwa, "Ranka ya daɗe, maganar rijiyar fa?" Ya ce, "Audu, mai shaidar yana ƙasa. Da wa zan sake zama?" Daga baya ya ce zai kira maƙwabcin ya yi masa nasiha, in ya ji to.

Na roƙi Malam Garba ya shiga ciki ya gaya wa mai ɗakin marigayi, Malama Hauwa, abin da na faɗa, ya nemar mini gafararta da ta yara. Ya daɗe bai fito ba. Da ya fito ya ja ni gefe ya ce, "Ta ji. Ta ce shi ya yafe maka tun ranar, don ta sha jin yana hana yara zaginka. Ta ce ita ce ta wanke rigunan da aka yaga, ita ce ta ga ranar da ya dawo daga gidan Mai Unguwa ya kasa cin tuwo. Ta ce ka ba ta lokaci." Na ce ta yi gaskiya, zan jira.

Dalilin wannan rubutu ke nan. Waɗanda ke zauren sun ji, amma sunan ya yi nisan da muryata ba za ta kai ba. Duk wanda wannan takarda ta isa gare shi, in ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi. Malam Isiyaku bai yi ƙarya ba. Filin yana nan, karnukan suna nan, zomon yana nan yadda ya faɗa. Rijiyar ma ta tsohuwa ce, tun da shi ya ce haka. Ni ne na auna duniya da karnukan ubana bakwai, kuma da na gane kuskurena na zaɓi mutuncina a kan nasa. Wanda ya ɗauki sunan nan daga bakina, ina roƙonsa don Allah ya ajiye shi. In kuwa dole sai an kira wani da shi, ga ni a rumfata, zan amsa.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Isiyaku. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa duk baƙin da ya koya wa wani ya zama nauyi a mizaninsa. Ka karɓi shaidarsa a ranar da ba a yi wa mai gaskiya dariya. Ka ba Malama Hauwa haƙuri da dangana, ka raya 'ya'yansa bisa halinsa, ka tsare su daga bakin mutane irina. Ka ba Malam Garba ƙarfin riƙon gidan. Ni kuma, ya Ubangiji, ka ara mini kwanakin da za su kai ni ranar da za a aiko daga gidan nan a ce an yafe. Amin.